NAZARI: Tamfol da igiya a iyakar Jibiya: Wa ke biyan asarar da ake tafkawa a ƙarƙashin rufi?

Sau biyu cikin shekaru huɗu Najeriya ta garƙame iyakarta da Jamhuriyar Nijar, kuma duka biyun a watan Agusta aka yi, watan da ruwan sama ya fi sauka a ƙasar Katsina da Maraɗi. Na farko a 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. Na biyu a 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wanda sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum. A kowane karo manyan motoci ɗauke da kaya sun maƙale a bakin iyaka, tsakanin Magama ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma babu abin da ya rage tsakanin dukiyar mutane da ruwan malka sai tamfol da igiyar da aka ɗaure shi da ita.

Idan ana maganar iyaka, akasari hankali kan tafi ne ga manyan kalamai: takunkumi, tsaro, diflomasiyya, kuɗin shiga. Ba a cika tunawa da cewa duk wata shawara da aka yanke a Abuja ko Yamai a kan bayan tirela take sauka ba. Yawan kwanakin da kaya za su yi a rana ko a ruwa, da yawan lokutan da za a kwance rufi a sake ɗaurewa, da wanda zai biya idan buhuna suka jiƙe, duk sakamakon siyasa ne. Shi ya sa batun tamfol, duk da ƙanƙantarsa a ido, ya cancanci a dube shi da kyau.

Hanyar da kayan da take ɗauka

Titin da ya tashi daga Kano ya ratsa Katsina da Jibiya ya faɗa Maraɗi yana cikin tsofaffin hanyoyin fatauci na ƙasar Hausa. Daga ɓangaren Najeriya ana hawa da siminti, takin zamani, masara, fulawa, taliya, kayan roba, katako, kwanon rufi, rake da doya. Daga ɓangaren Nijar ana gangarowa da wake, aya, riɗi, albasa, dabino, kanwa da dabbobi. Babbar kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano da kasuwannin Maraɗi kamar tagwaye suke, farashin ɗaya yana jin motsin ɗaya.

Kaso mai yawa na waɗannan kaya ba a cikin kwantena suke tafiya ba. A buhuna ake lodin su, a kan tirela mai shimfiɗaɗɗen baya marar bango, ko a gingimari mai buɗaɗɗen bodi. Dalilin a fili yake: buɗaɗɗiyar mota ta fi sauƙin lodi da hannu, tana ɗaukar siminti yau ta dawo da wake gobe, kuma ba ta buƙatar na'urar ɗaga kaya, wadda babu ita a yawancin kasuwanni. Amma wannan sauƙin yana da farashinsa. Kwantena ita ce bangon kanta da rufin kanta da makullin kanta. A buɗaɗɗiyar mota kuwa, dole a gina waɗannan abubuwa uku daga farko a kowace tafiya, da hannun ’yan dako da yaran mota.

Aikin igiya daban, aikin tamfol daban

Kuskuren da ya fi yawa a harkar shi ne ɗaukar tamfol a matsayin abin da ke riƙe kaya. Aikinsa kare kaya daga ruwa, rana, ƙura da idon ɓarawo. Riƙe kaya aikin igiya ne, da bel mai ƙarfen matsewa, da sarƙa idan ƙarfe ko katako aka ɗauko, tare da yadda aka jera buhunan tun farko, a sarƙe da juna kamar ginin tubali. Ƙa'idar da ake aiki da ita a Turai ta tanadi cewa ɗauri ya iya tare ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan ta gaba, da kashi 50 cikin 100 ta gefe da ta baya. Tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30 ne. Idan direba ya taka burki da ƙarfi, abin da zai yunƙuro gaba zai iya kai kwatankwacin tan 24. Babu ledar da za ta tare wannan.

Shi kansa rufin yana da ƙa'ida, wadda tsofaffin direbobi suka sani ko da ba a rubuce take ba. Ana tsara lodi ya yi tudu a tsakiya domin ruwa ya gangare, kada ya kwanta a kwari ya yi tafki. Ana sa tsumma ko kwali a kan kusurwoyi masu kaifi don kada su huda rufin. Idan tamfol biyu za a haɗa, na baya ake fara shimfiɗawa, sannan na gaba ya hau kansa, domin iskar da ke tahowa daga gaba ta bi ta saman haɗin maimakon ta kutsa ciki. Ana fara ɗauri daga gaba a bi da shi zuwa baya ana tsuke shi, a naɗe gefuna ciki, a bar fitilu da lambar mota a fili. Bayan an ɗan yi tafiya kuma sai a tsaya a ƙara matsewa, saboda buhuna kan zauna, igiya ta saki.

Abin da ya sa ake wannan takatsantsan shi ne iska. Ƙarfinta a jikin mota ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: idan aka ninka gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a sa'a, ƙarfin iskar ninki huɗu yake yi. Ƙaramar ɓaraka a gaban rufi ta isa ta mayar da tamfol ya kumbura, ya riƙa kaɗawa yana dukan kansa har ya yage, ko ya tsinke ya rufe gilashin motar da ke baya, ko ya make ɗan acaɓa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa da iska suke yi wa lodi.

Kowane kaya da irin rufinsa

Ba dukkan kaya ke son a toshe su ba. Siminti da takin zamani, musamman yuriya, abokan gabar laima ne: siminti ya daskare, taki ya narke ya dunƙule. Fulawa da sukari haka. Albasa kuwa numfashi take buƙata, kuma idan aka lulluɓe ta da leda a ajiye a rana, cikin kwanaki kaɗan za ta dahu ta ruɓe daga ciki. Hatsi yana tsakiya. Masarar da danshinta ya haura kimanin kashi 13 cikin 100 ba ta da aminci a ajiya, kuma idan aka rufe ta da ledar da ba ta shan iska, zafin rana zai fitar da gumin da ke cikinta, sanyin dare ya mayar da shi raɓa a jikin rufin, ta ɗigo kan buhunan sama. Ta haka kaya kan jiƙe ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa su ba.

A nan ne batun ya tashi daga asarar ɗan kasuwa ya koma na lafiyar jama'a. Hunhunar da ke kama masara da gyaɗa a cikin zafi da danshi tana haifar da gubar da masana ke kira aflatoksin, wadda aka tabbatar tana da alaƙa da ciwon dajin hanta, kuma girki ba ya kawar da ita. Buhun da ya yi hunhuna ba kasafai ake zubar da shi ba. A kan shanya shi, a gauraya da mai kyau, a sayar da rahusa, ya ƙare a tukunyar wanda ba shi da zaɓi ko a abincin kaji. Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da sakaci da ingancin amfanin gona ke jawowa, tun da Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wakenta a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Ingancin tamfol ɗin kansa wani batu ne. Akwai mai kauri na zane ko na roba mai ƙarfi, wanda kan yi shekaru. Akwai kuma siririyar leda mai araha wadda rana ke cinyewa, ta bushe ta riƙa karyewa. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin fetur, farashin duk abin da ake shigowa da shi ko ake sarrafawa da kayan waje ya yi sama, daga taya zuwa bel. Mai motar da ke fama da kuɗin gas da gyara, rufi ne abu na farko da yake jinkirta sauyawa. Shi ya sa ake ganin tamfol mai faci a kan faci, da tsofaffin ledojin allunan talla, da robar cikin taya a madadin bel. Araha ba ta ado, amma wanda aljihunsa ya ƙone ba ado yake nema ba.

A buɗe, a rufe, a sake buɗewa

Mazauna Jibiya da ’yan kasuwa sun daɗe suna kuka da yawan shingayen jami'ai a kan titin Katsina zuwa Magama, hanyar da ba ta da wani tsawo. Kwastan, shige da fice, ’yan sanda, sojoji, masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, masu kula da shige da ficen amfanin gona, kowa da hurumin da doka ta ba shi na tambayar abin da ke ƙarƙashin rufi. Bayan an tsallaka kuma, duwan da jandarmomin Nijar suna jira da nasu tambayoyin.

Ɗaurin tirela guda aikin mutane da yawa ne, yana kuma cin lokaci. Duk sa'ar da aka ce a buɗe, to ɗaurin da aka yi a tsanake a wurin lodi ya warware. Wanda za a sake yi a gefen titi, cikin gaggawa, da yaro ɗaya ko biyu, wani lokaci da dare ko hadari na haɗuwa, ba zai taɓa kai na farko ba. Kowace buɗewa tana rage wa rufin inganci, tana kuma ƙara damar da yaron mota zai zame daga saman lodin da ya kusa mita huɗu.

Wannan wahalar ce ta zama jari ga gurɓatattun jami'ai a hanyoyin Afirka ta Yamma baki ɗaya. Direban da ya san abin da kwancewa da ɗaurewa za su ci masa zai gwammace ya ba da na goro a bar shi ya wuce. Sakamakon haka shi ne tsarin ya juye da ƙa: mai kaya na halal yana biya don gudun wahala, mai haramtattun kaya shi ma yana biya don gudun bincike, kuma daga nesa ba a iya bambance su. Yawan shinge bai zama yawan bincike ba.

Rufin da ake zargi

Sai dai kuma jami'an tsaro suna da hujjarsu. Jibiya na cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi shan azabar ’yan bindiga, kuma dazukan yankin sun haɗe da Zamfara da kudancin Maraɗi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Jibiya, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, duk saboda zargin cewa a cikin kaya na yau da kullum ake ɓoye abin da ke ciyar da ta'addanci. Tun a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Babu mai musun cewa ana iya jera buhunan masara a sama, a cusa shinkafar waje ko ƙwayoyi ko harsasai a ƙasa.

Abinci ma ya shiga jerin abin zargi. A farkon 2024, da tsadar rayuwa ta tsananta, hukumomin Najeriya sun riƙa tare motocin hatsi da ke nufar iyakoki, har hukumar EFCC ta sanar da kama motoci 21 a Borno, kafin daga baya Shugaba Bola Tinubu ya umarci kwastan su mayar wa masu shi hatsin da suka kama, bisa sharaɗin a sayar a kasuwannin cikin gida. A watan Oktoban shekarar, Nijar ita ma ta haramta fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Motar da aka tsare makonni ana jiran hukunci, kayanta a ƙarƙashin leda suke jira, kuma ko an sake ta da takardar wanke laifi, babu ofishin da zai biya abin da ya lalace.

Rashin yarda tsakanin jami'ai da jama'ar gari ya riga ya yi zurfi. Mutanen Jibiya ba su manta da abin da ya faru a watan Agustan 2021 ba, lokacin da motar sintirin kwastan ta kutsa cikin jama'a a garin, aka rasa rayuka da dama. A irin wannan yanayi, jami'i na kallon kowane rufi a matsayin maɓoya, direba kuma na kallon kowane umarnin buɗewa a matsayin tatsa.

Abin da dokoki suka tanada

Matsalar ba sabuwa ba ce a duniya, kuma an daɗe da samo mata mafita a takarda. Yarjejeniyar TIR ta 1975, wadda ake jigilar kaya da ita tsakanin ƙasashen Turai da Asiya, ta yi wa motoci masu tamfol ƙa'ida dalla-dalla. Tazarar zobunan da ake zura igiya kada ta wuce santimita 20. Igiyar ta zama guda ɗaya ba haɗi, ta waya ko ta zare mai rigar roba, mai bakin ƙarfe a kowane ƙarshe inda za a buga hatimin kwastan. Hatta faci an faɗi yadda za a ɗinka shi, da zaren da launinsa ya bambanta, domin a gane idan an yanka an sake ɗinkewa. Manufar ita ce a bincika kaya sau ɗaya, a rufe, a buga hatimi, duk wanda ya tare motar a hanya ya duba hatimin kawai.

ECOWAS ta rungumi irin wannan tunani tun 1982, a yarjejeniyar jigilar kaya tsakanin ƙasashe da aka sa wa hannu a Kwatano, wadda ta tanadi takarda ɗaya, jingina ɗaya da motocin da za a iya rufewa da hatimi. Fiye da shekaru 40 bayan nan, ba a taɓa aiwatar da ita yadda ya kamata ba. Yanzu kuma ƙasan da aka gina ta a kai ya motsa. Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa daga ECOWAS a ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata a 29 ga Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayayyakin ƙasashen uku bisa tsohon tsari har sai an yanke wata shawara, ƙasashen uku kuma sun ƙirƙiro harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancensu na AES. Ma'ana, fataucin Kano da Maraɗi yana tafiya ne a kan tsarin wucin gadi da kowane ɓangare zai iya sauyawa da sanarwa guda.

A cikin gida, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana da laifin rashin rufe kayan da ka iya zubewa a jerin laifuffukanta, tare da na wuce ƙima a lodi da na rashin ɗaura jan ƙyalle a kayan da suka zarce bodi. A ɓangaren Nijar, dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka da tsawon lodi. Lodin da ya wuce ƙima shi ne babban abokin gabar ɗauri mai kyau: tamfol ba ya kai wa ƙasa, igiya ba ta da makama, mota tana rinjaya a kwana. Idan aka ƙara da fasinjojin da ke hawa saman buhuna don ragin kuɗin mota, al'adar da FRSC ta sha yin yekuwa a kanta, to ɗaurin da ya saki yana iya zama sanadin mutuwar mutane da yawa a lokaci guda.

Wa ke biya?

Akwai wata doka da ta shafi wannan hanya kai tsaye, wadda kuma ba a cika ambatonta a kasuwannin Kano da Katsina ba. Nijar mamba ce a OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka 17, wadda Najeriya ba ta ciki. Dokarta ta 2003 kan kwangilar jigilar kaya a mota ta ce tana aiki idan wurin ɗauka ko wurin saukewa yana cikin ƙasar da ke mamba. Ta ɗora alhakin lalacewar kaya a kan mai jigila, amma ta sauke masa shi idan an yi amfani da buɗaɗɗiyar mota marar rufi bisa yardar mai kaya, aka kuma rubuta hakan a takardar lodi. Wato a idon kotun Maraɗi, layi ɗaya game da tamfol a jikin takarda zai iya raba gardamar miliyoyi.

A aikace, yawancin cinikin da baki ake ƙulla shi, ta hannun ’yan kamasho, bisa amana da sanayya. Inshorar kaya ba ta zama ruwan dare ba a tsakanin ƙanana da matsakaitan ’yan kasuwa. Idan aka sauke lodi aka tarar da buhu 30 sun jiƙe, sai a zauna sulhu, kuma sulhu kan karkata ga mai ƙarfi. Mai kaya ya zaftare kuɗin mota, mai mota ya zaftare na direba, direba ya huce a kan yaron mota, wanda ba shi da albashi tsayayye balle asibiti idan ya faɗo. Abin da bai samu mai ɗauka ba a wannan jerin, a kan ƙara shi a farashin tiya. Jami'in da ya sa aka buɗe a cikin ruwa, da hukumar da ta rufe iyaka ba tare da wa'adi ba, ba sa cikin lissafin ko kaɗan.

Rufewar 2019 ta fi daɗewa a Jibiya fiye da wasu wurare. An buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfun a Disamban 2020, amma Jibiya sai a Afrilun 2022, bayan watanni 32. Ta 2023 ta kai Maris na 2024, bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairu. Babu ko ɗaya daga cikin biyun da aka ba wa motocin da ke kan hanya isasshen lokacin ƙarasawa, kuma babu tsarin diyya da ya biyo baya ga masu kayan da suka lalace.

Abin da za a iya yi tun kafin damina

Gyaran da ake buƙata bai kai girman na layin dogon Kano zuwa Maraɗi ba, aikin kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 wanda zai ratsa ta Jibiya. Ko an kammala shi, mota ce za ta kai kaya tasha, mota ce za ta kwashe su zuwa kasuwannin ƙauye. Tamfol zai daɗe tare da wannan hanya.

Na farko, bincike ɗaya na haɗin gwiwa, a rumfa mai rufi da dandamalin hawa, inda duk hukumomin da abin ya shafa za su duba kaya tare, a rufe, a buga hatimi mai lamba. Duk jami'in da ya karya hatimin a hanya ya rubuta sunansa da dalilinsa a takardar lodi, ya kuma buga wani. Na'urar haska kaya da sikelin auna nauyi a wuri guda za su rage buƙatar kwancewa. Tashoshin tsandauri na Dala a Kano da na Funtuwa a Katsina an gina su ne domin irin wannan aiki, a gama da kwastan tun daga nesa da iyaka.

Na biyu, tun da inuwar ECOWAS ta janye, Abuja da Yamai suna da wata tsohuwar kafa da ba ta dogara da ita ba, wato Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Ta nan za a iya ƙulla amincewa da hatimin juna, da kuma alkawarin cewa duk rufewar da za ta zo nan gaba za ta ba motocin da suka riga suka tashi wa'adin wucewa, musamman masu ɗauke da abinci.

Na uku ya rataya a wuyan masu sana'ar. Ƙungiyoyi irin su NARTO da NURTW, tare da shugabannin kasuwannin hatsi, suna iya tsayar da mafi ƙarancin ƙa'ida a tashoshin lodi: kada mota ta tashi da yagaggen rufi a damina, kada a ɗora mutum a saman kaya, a rubuta yanayin tamfol da adadin bel a takardar lodi kafin a karɓi kuɗi. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da majalisar dokokin Katsina suna da hurumin tallafa wa wannan, kamar yadda ’yan majalisar tarayya na yankin suke da hurumin tilasta wa hukumomi bayyana adadin shingayen da doka ta amince da su a kan titin Katsina zuwa Magama.

Mutanen Jibiya sun san ƙarfin ruwan sama fiye da yadda za a ba su labari, tun ambaliyar watan Yulin 2018 da ta hallaka mutane fiye da 40 a garin cikin dare ɗaya. Maraɗi ma ta ga nata a daminar 2024. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rumfar bincike, hatimin da ƙasashen biyu suka amince da shi da takardar lodi mai faɗin wanda alhaki ke kansa, duk ayyuka ne na rani, kuma tambayar da matasan yankin ya kamata su riƙa yi wa wakilansu ita ce wanne daga cikin ukun aka sa a kasafin kuɗi, kuma yaushe za a fara.